Zan rabu da tsohon babur ɗina BMW: in gyara kafin in sayar, ko in sayar da shi yadda yake?

Baba Audu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin ya kwana biyu yana cin raina.

Ina da BMW R100RT ƙirar 1982. Shekara goma sha shida ke nan yana hannuna, ni ne mutum na uku da ya mallake shi. Waɗanda suka san shi sun sani: silinda biyu a kwance, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu, cc 980, iska ke sanyaya injin, ba ya da sarƙa sai farfela, wato sandar da ke juya tayar baya, ga babbar garkuwar gaba da ke tare wa mutum iska da ruwa, ga akwatunan gefe biyu na Krauser. Babur ne na doguwar tafiya, kuma na yi ta da shi har na gode wa Allah.

Watan jiya na dawo gida, na tsaya a ƙofa, na sa ƙafar hagu ƙasa, gwiwa ta ƙi ɗauka. Babur ya tafi a hankali ya kwanta, murfin bawul ya daki siminti. Na kasa ɗaga shi sai da aka kama mini. Abu ne mai nauyin sama da kilo 230 idan tanki ya cika. A ranar na san lokaci ya yi.

Ga halin da yake ciki, ba ɓoye-ɓoye. Inji lafiya lau, bugu ɗaya yake tashi. Amma fenti ya koɗe a saman tanki da kafaɗun garkuwa, murfin bawul na hagu ya kurje, akwai ɗigon mai da nake gani a ƙasa idan ya kwana, tayoyi sun tsufa. Sannan babbar matsalar: mita tana nuna kilomita 61,400, amma ba gaskiya ba ne. Ta taɓa tsayawa kusan shekara uku kafin in sa a gyara ta, kuma a shekarun nan ne na fi yin tafiya.

To ya zan yi? In kashe kuɗi in yi fenti in toshe yoyo kafin in sa shi a kasuwa, ko in sayar da shi haka? Kuma zancen mita, ya ake faɗarsa ba tare da mai saye ya gudu ba?

Ɗanladi Bakanike:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Kafin komai, don Allah kada ka bari kowa ya kusanci babur ɗin nan da bindigar fenti. Fentin kamfani da ya koɗe ya fi sabon fentin gareji daraja a wurin wanda ya san waɗannan babura. Fenti na asali sau ɗaya ake yinsa a duniya. Mai saye da ya ga sabon fenti yana ƙyalli a kan babur mai shekara arba'in da ɗoriya, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce me aka rufe a ƙarƙashi: tsatsa, walda, ko faɗuwa.

Ina da tambayoyi. Lambar firam da lambar inji iri ɗaya ne? A ƙirar wannan shekara ya kamata su dace. Ɗigon man daga ina yake sauka, daga gindin silinda ko daga ƙarƙashin giyabos? Kana da rasit na ayyukan da aka yi masa? Kuma idan ka murɗa makulli, jar fitilar caji tana kamawa?

Sale Dillali:
Baba ranka ya daɗe, ni shekarata ashirin ina haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma abin da zan faɗa ba zai yi wa Ɗanladi daɗi ba. Ido ke sayen kaya. Cikin mutum goma da za su kira ka, ɗaya ne zai durƙusa ya duba lambar inji, sauran tara hoto suka gani ya burge su. A yi masa fenti, a wanke injin tas, a sa sabon murfin bawul. Zancen mita kuwa, wa ya tambaye ka? Abin da ta nuna shi ka rubuta. Ba kai ka mayar da ita baya ba, da kanta ta tsaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya zo sayen babur na 1982 ya san ba daga kwali aka ciro shi ba.

Ɗanladi Bakanike:
Yaya Sale, mutum taran nan da kake faɗa ba su ne za su saya ba. Za su zo su ɗauki hoto, su taya da rabin kuɗi, su tafi. Wannan ɗayan da ke durƙusawa, shi ne mai kuɗin a aljihu, don shi ya daɗe yana neman irin wannan babur. Kuma shi ba ka isa ka rufe masa ido ba. Zai duba robar matakin ƙafa ya ga yadda ta cinye, ya taɓa faifan birki ya ji gaɓar da ta fito a bakinsa, ya girgiza hannun kuloci ya ji yadda yake lilo. Waɗannan duk mita ce da ba ta tsayawa. In ya ga jikin babur yana faɗin abu ɗaya, mita tana faɗin wani, shi ke nan, duk abin da Baba ya faɗa bayan nan ƙarya zai ɗauke shi, har gaskiyar ma.

Wani abu kuma: mitar waɗannan babura lamba biyar gare ta. Ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Duk wanda ya san su ba ya yarda da mita tun asali, tarihin gyara yake nema. Injin nan idan ana kula da shi, wuce kilomita dubu ɗari ba abin tsoro ba ne a wurinsa. Saboda haka faɗin gaskiyar ba zai rage wa Baba abin da kake tsoro ba.

Malam Habibu:
Malam Sale, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Rariya kowa na ganin hujinta. Mitar da ta yi barcin shekara uku kuwa babu mai ganin haka sai mai ita. Aibin da yake a fili daban, aibin da mai kaya kaɗai ya sani daban. In ka rubuta 61,400 ka yi shiru alhali ka san ba haka ba ne, ka bar lambar ta yi maka ƙaryar ne kawai. Kuma kuɗin da aka ƙara saboda wannan shirun ba na mai sayarwa ba ne. Baba Audu da kansa ya san haka, shi ya sa abin yake cin ransa.

Sale Dillali:
Malam, na ji, kuma ban ce a yi rantsuwa a kan ƙarya ba. Abin da nake gudu shi ne mai gaskiya ya yi asara saboda yawan bayani. Na sha ganin wanda ya zauna ya lissafa wa mai saye aibi goma sha, mai saye ya riƙa cire kuɗi a kan kowanne, har da waɗanda shi da kansa bai damu da su ba. Daga ƙarshe kaya ya tafi a wulaƙance, wanda ya saya ya wanke shi ya sayar bayan sati biyu da riba mai tsoka, bai faɗa wa kowa komai ba. To wa aka taimaka?

Nasiru:
Baba don Allah kada ka sayar. Irin wannan in ya tafi ba ya dawowa. Ba za a iya sa masa kwandon gefe mai taya ɗaya ba, yadda ba sai ka riƙe shi da ƙafa ba? Ko ka ajiye shi a lulluɓe, ka riƙa tayar da shi lokaci-lokaci.

Baba Audu:
Nasiru ɗana, na gode da ƙauna. Na yi tunanin ajiyewar. Amma na ga abin da zama yake yi wa babur. Fetur ya daskare a kafireta, tanki ya yi tsatsa daga ciki, robobi su bushe su tsage, man birki ya sha ruwa ya cinye fistin ɗinsa, batir ya mutu. Bayan shekara biyar ba babur za ka buɗe ba, aiki za ka buɗe. Ban riƙe shi shekara goma sha shida don ya ruɓe a gabana ba. Kwandon gefe kuwa wani tuƙi ne daban, sai an sāke koyo, kuma firam ɗin wannan ba don shi aka yi ba, sai an yi masa ƙari.

Ɗanladi, ga amsarka. Lambobin biyu iri ɗaya ne, na sake dubawa ɗazu da tocila. Fitilar caji tana kamawa, tana mutuwa da zarar inji ya ɗau wuta, agogon batir da ke jikin garkuwa yana kai kusan volt 14 a kan hanya. Man yana taruwa ne a wani ɗan dakali da ke ƙarƙashin giyabos, daga nan yake ɗiga. Rasit ba duka nake da su ba, amma ina da ƙaramin littafi da nake rubuta duk juyen mai da duk saitin bawul tun ranar da na saye shi, da kwanan wata. Bangonsa ma ya yi baƙi da mai.

Ɗanladi Bakanike:
Baba, littafin nan ya fi fenti sau goma. Shi ne ma maganin matsalar mitar. Duba shekarun da ta tsaya, ƙirga sau nawa ka juye mai, ka san tazarar da kake bari tsakanin juye da juye, sai lissafi ya fito da kansa. Ba sai ka ce wa mai saye ban sani ba. Cewa za ka yi mita ta tsaya daga shekara kaza zuwa kaza, na juye mai sau kaza, ina ƙiyasta ƙarin kilomita kaza, ga littafi duba.

Kuma akwai wani amfaninsa. Ƙirar 1981 zuwa 1984 an san su da matsalar mazaunin bawul, musamman na fitar hayaƙi: bawul ya riƙa nutsewa, gibin da ake bari, wato milimita 0.20, ya riƙa rufewa da wuri. Duk wanda ya san babur ɗin sai ya tambaya. In littafinka ya nuna gibin ba ya motsi sosai daga saiti zuwa saiti, ka amsa tambayar kafin a yi ta.

Zancen yoyo, dangwala yatsa ka shinshina. Man giya yana da wani wari mai hawa kai kamar ƙibiritu, baƙin mai, wato man inji, ba ya da shi. In baƙin mai ne, galibi babban sil ne na bayan inji ko zoben murfin famfon mai. In man giya ne, sil ɗin bakin giyabos ne. Kowanne ne, kayan ba tsada, aikin ne babba, don sai an sauke giyabos. Haɗarinsa shi ne kulocin wannan babur busasshe ne irin na mota, in mai ya kai gare shi sai ya fara sulɓi. Gwada shi: kana giya ta biyar a tafiya matsakaiciya, murɗe totur gaba ɗaya. In ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, ya jiƙe. In bai yi ba, ni shawarata kada ka buɗe. Bar wa mai saye, ka rage masa kuɗin aikin. Yawancin masu sayen irin wannan sun fi son su buɗe da hannunsu ko bakanikensu, su shafa wa haƙoran sandar giya man da ya dace tunda an riga an sauke, su san abin da aka sa a ciki.

Abin da zan ce ka yi kafin talla kaɗan ne: juye mai, sauya man birki, daidaita kafireta biyun su yi silo tare, tabbatar duk fitilu suna aiki, wanke shi da hannu. Kada a sa masa injin wanki mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin giyabos ta wajen wayar mita. Sannan duba wilin gaba. BMW ta taɓa janye wilin gaba mai inci 19 na waɗannan shekaru saboda tsagewa, ta sauya da wanda aka ƙara wa ƙarfi a gindin ƙafafunsa. Ka san wanne ne a naka.

Baba Audu:
Baƙin mai ne, na shinshina. Kuloci ba ya sulɓi. Wilin wanda aka ƙara wa ƙarfi ne, mai shi na farko ya sauya. Tayoyin fa? Zanensu bai cinye ba.

Ɗanladi Bakanike:
Ba zane ake dubawa ba a nan Baba, shekaru. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Baba Audu:
Ta gaba 2314, ta baya 0916.

Ɗanladi Bakanike:
Mako na 23 na 2014 da mako na 9 na 2016. Sun gama aiki, roba ta taurare ko da ido bai gani ba. Ko ka sauya, ko ka rubuta ƙarara cewa suna buƙatar sauyi. Wannan ba zancen kuɗi ba ne kaɗai, ran mutum ne zai hau kai.

Hajiya Binta:
Sallama gare ku. Ni ba mahayiya ba ce, amma na sayar da babur irin na tafiyar nan, na mahaifinmu Allah ya jiƙansa, Honda Gold Wing GL1100, kuma na sha wuyar da ba na so Baba ya sha. Kun yi ta magana a kan inji, ba wanda ya taɓo masu sayen kansu.

Kwana ɗaya da sa talla wani ya rubuto, bai tambayi komai game da babur ba, bai nemi ragi ba, ya ce yana wata ƙasa, zai turo kuɗi har da ƙari, in ba direban da zai zo ɗauka ragowar. Ya turo hoton shaidar biya, sai ga saƙo a wayata kamar daga banki. Har na fara neman makulli. Ƙanena ne ya ce in buɗe asusun da kaina in duba. Ko sisi babu. Da na ba da ragowar nan daga aljihuna, da na yi asarar kuɗi da babur a rana ɗaya. Saboda haka Baba, saƙo ba kuɗi ba ne, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai ka ga kuɗi zaune a asusunka da idonka, ko ka ƙirga su a hannu, sannan makulli da takardu su bar hannunka. Duk wanda ya biya fiye da abin da ka nema, ɓarawo ne.

Na biyu, takardu. Namu sunan marigayi ne a kai, sai da muka yi wata biyu muna gyara wannan, masu saye biyu na kirki suka gaji suka tafi. Ka tabbata sunanka ne a takardar mallaka kuma lambobin da ke cikinta sun dace da na jikin babur, harafi da harafi. Ranar ciniki a rubuta yarjejeniya kwafi biyu: sunaye, lambar firam, lambar inji, abin da mita ta nuna da bayanin cewa ta taɓa tsayawa, kwanan wata har da ƙarfe nawa, da cewa an sayar da shi yadda yake. Kowa ya sa hannu, da shaida. Sannan ka sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora cewa ya bar hannunka. In ba haka ba, duk abin da aka yi da shi gobe ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Kuma wanda ya saya daga ƙarshe, abin da ya sa ya amince shi ne na gaya masa tun a waya cewa ba mu san yaushe aka sauya bel ɗin injin ba. Ya ce ni ce ta farko da ta faɗa masa aibi kafin ya tambaya.

Malam Habibu:
Allah ya jiƙan mahaifi, Hajiya. Wannan bayani ya wadatar.

Nasiru:
To gwaji fa? Ni dai ba zan sayi babur ban hau ba. Amma kuma na ji labarin wanda aka ce bari in zagaya, har yau ana jiransa.

Sale Dillali:
A nan ni da kowa ba mu da saɓani. Ba a hawa sai kuɗin babur gaba ɗaya yana hannun mai shi, da sharaɗin in ka kayar ka saya. A ga lasisinsa, a ga hular kwano. Makullin mota ko waya da zai bari jingina ba komai ba ne, motar ma tana iya zama ta sata. Kuma Baba kada ka tarbi baƙo kai kaɗai, a samu wani a kusa. Adireshin gida sai wanda kuka yi magana da murya ka ji alamar da gaske yake. A hoto a rufe lambar babur.

Ɗanladi Bakanike:
Ƙari a kan haka, wanda bai taɓa hawa irin wannan ba a gaya masa tun kafin ya tashi: in ka murɗa totur a tsaye babur yana ɗan karkata gefe, haka injin yake, kuma giyarsa tana shiga da ƙara. Kada ya tsorata ya sake shi.

Baba, ranar da za a zo gani kada ka tayar da shi kafin su iso. Bari mai saye ya dafa silinda ya ji ta da sanyi, sannan ka tayar a gabansa. Injin da aka ɗumama kafin zuwan baƙo zargi yake jawowa. Kuma ka kwanar da shi a jak na tsakiya. In ya kwana a jak na gefe, mai yana gangarawa cikin silindar hagu, da safe ya yi hayaƙi na ɗan lokaci. Halinsu ne, ba ciwo ba, amma wanda bai sani ba zai ce ringi ne.

Isiyaku:
Gaskiya in kuɗi ake nema, a farke shi a sayar gunduwa-gunduwa. Garkuwar, akwatunan, tanki, giyabos, kafireta biyun Bing, kowanne da mai nemansa. Jimillar ta fi kuɗin babur a haɗe.

Baba Audu:
Isiyaku, wataƙila lissafinka daidai ne, amma ba zan iya ba. Babur mai lafiya da lambobinsa a haɗe ba zan sa masa sifana in rarraba shi ba.

Sale Dillali:
Kuma lissafin ma bai cika ba. Abubuwa biyar masu kyau za su tafi a wata ɗaya, sauran tarkacen su yi shekara uku suna kwantai a ɗaki.

Tunda Baba ya zaɓi hanyar faɗin komai, to bari in taimaka ta inda na iya, wato farashi. Kuskuren masu tsohon babur guda biyu ne. Na farko, su duba abin da wasu suka rubuta a talla su ce nawa ma haka. Abin da aka nema daban, abin da aka biya daban. Tallar da ta yi wata shida a rataye tana gaya maka farashin da ba a saye ne. Nemi waɗanda aka riga aka sayar, ƙirar shekarunka, masu irin yanayin naka. Kada ka haɗa da na 1987 zuwa 1996 masu shokazoba ɗaya a baya, waɗannan wani aji ne, ƙarfin injinsu doki 60, naka 70. Na biyu, su tara duk abin da suka kashe a shekara goma su ɗora a kai. Mai saye ba ya biyan man da ka ƙona, ba ya biyan ƙaunar da kake yi masa.

Ga dabarar da za ta hana abin da na faɗa ɗazu. Ka cire kuɗin tayoyi da aikin sil da kanka tun a farashi, ka rubuta cewa an riga an cire. In ya zo yana son ya sake cirewa a kansu, ka nuna masa rubutun. Bar ɗan wurin ragi kaɗan don mai saye ya ji ya yi ciniki, ka yanke a ranka inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba tun kafin kowa ya zo. In an taya ƙasa da haka, albarka, ba fushi. Kuma kada ka riƙe wa kowa babur da baki, sai da kafin alƙalami da ranar cikawa.

Malam Habibu:
Yanzu ka zo, Malam Sale.

Baba Audu:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta, ku duba mini:

BMW R100RT, 1982, ina da shi shekara 16, ni ne na uku. Lambar firam da ta inji sun dace, takardu da sunana. Fenti na asali, ya koɗe a tanki da garkuwa. Murfin bawul na hagu ya kurje, ya faɗi a tsaye watan jiya. Mita tana nuna 61,400 amma ta tsaya kusan shekara uku. Bisa littafin juyen mai ina ƙiyasta ainihin tafiyarsa a hannuna ta ƙaru da kimanin 24,000 a kan haka. Yana ɗigar da baƙin mai kaɗan ta bayan inji, kuloci ba ya sulɓi. Tayoyi na 2014 da 2016, a sauya su kafin tafiya. An cire kuɗin waɗannan daga farashi. Akwai akwatunan Krauser biyu da makullansu, jakar kayan aiki ta asali, da littafin gyara na shekara 16. Dalilin sayarwa: gwiwa.

Hajiya Binta:
Ya yi Baba. Amma ka fara da alherinsa kafin aibinsa. Ba ka ce yana tashi bugu ɗaya ba, ba ka ce caji lafiya ba, ba ka ambaci wilin ba. Faɗin gaskiya ya haɗa da faɗin mai kyau.

Ɗanladi Bakanike:
Haka ne. Ƙara da cewa ƙirar 1982 tana da birkin Brembo, wutar fulogi ta lantarki ba ta fwayin ba, da silinda mai rufin Nikasil, wato shafen cikinta mai hana ta saurin cinyewa, masu nema suna son jin wannan. Hotuna a ɗauka da safe ko da yamma a fili, gefe biyu, gaba da baya, mita, cikin tanki da tocila, kurjin murfin, har da wurin ɗigon. Da ɗan bidiyo: hannunka a kan silinda, sannan ka tayar.

Sale Dillali:
Ni dai har yanzu da murfin nan aka sauya, ƙusa uku ce kawai. Amma babur naka ne Baba.

Baba Audu:
'Yan'uwa, na dawo da labari. Babur ya tafi jiya, kwana goma sha tara da sa talla.

Mutum bakwai suka kira. Ɗaya irin na Hajiya Binta ne sak, har da zancen direba, na rufe shi. Biyu da suka ji zancen mita ba su sake kira ba, Sale ka ji naka. Ɗaya ya zo ya taya da abin da ban ma amsa ba sai da albarka.

Wanda ya saya mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ya zo da ɗansa da tocila a aljihu. Bai ce a tayar ba. Ya dafa silinda, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin giyabos, ya dangwali man ya shinshina kamar yadda Ɗanladi ya ce. Sannan ya zauna a kan benci da littafina, ya fi minti ashirin yana buɗawa shafi-shafi, yana bin gibin bawul da yatsa. Ya ƙirga juyen man shekarun da mita ta tsaya da kansa, lissafinsa ya fi nawa da dubu ɗaya, muka rubuta nasa a yarjejeniya. Ya nemi ragi kaɗan, na ba shi rabin abin da ya nema, bai kai inda na yanke ba. Sai da kuɗi suka zauna na duba da idona sannan ya zagaya da shi. Ya ce murfin da ya kurje ba zai sauya ba.

Da yake tayoyin sun tsufa, a mota suka ɗora shi. Kafin su ɗaure na nuna masa abubuwan da ba a rubuce suke ba: cewa famfon fetur na dama yana da tauri sai an danna kafin a juya, cewa ya cire wayar batir kafin ya buɗe murfin gaban inji don kada ya ƙona allon caji, cewa makullin akwatin hagu sai an ɗan ja shi baya. Yaron yana rubutawa a waya. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Yau da safe na je na sanar da hukumar rajista da masu inshora. Tabon man yana nan a siminti, ban wanke ba tukuna. Ɗanladi, na tarar da ma'aunin gibin bawul da sababbin fulogi biyu a aljihun tebur, na manta ban ba shi ba. Gobe in sha Allahu zan aika masa.